Matan Roba Sun Gaje Gonata

Yau da safe an cece ni, jama'a. Ban nemi ceto ba, ban yi ihu ba, ina tsugune a gonata ina shuka wake, sai wani ƙaton sojan ƙetare ya sungume ni ya saɓa a kafaɗa kamar buhun masara, ya zura da gudu. Har yanzu ƙuguna bai dawo daidai ba.

Bari in faɗa muku yadda aka yi. Bara manyanmu suka ƙulla abotar tsaro da wata ƙasa mai nisa. Ni Kavata ban taɓa shiga aji ba, amma na san abota: ka zo gidana in dafa maka shayi, ka sha ka tafi. Waɗannan abokai da suka zo, mu aka ce mu tafi. Aka kwashe mu daga gangaren da muke noma tun kakanni, aka zube mu a hayin titi, kan tsakuwar da ko akuya ba ta kwanciya a kai.

To me suka yi da gonar tawa? Ƙauye suka gina a ciki. Ƙauyen ƙarya, don sojojinmu da nasu su koyi yadda ake ceton talakawa in abokan gaba sun kawo hari. Ku zo ku ga gidaje! Rufin kwano sabo fil, ga rijiya da murfi, ga ɗakin shan magani har da fenti. Mazauna garin kuma mutum-mutumi ne na roba, an ɗaura wa matan zannuwan leso masu tsada, ɗaya ma an sa mata fartanya a hannu. Ni kuwa ɗakina in an yi ruwa, tukunyar ugali, tuwon masararmu, nake tarawa a kan gado.

Damina ta kankama, iri na hannuna, ba inda zan zuba shi. In sati ya wuce ban shuka ba, bana sai dai mu ci tsakuwa. Maƙwabciyata Syombua, mai kirana da sunan ɗana, ta ce, "Uwar Kioko, ki rufa mana asiri, mutanen nan da bindiga suke." Na ce, "Yunwa da me take zuwa, da furanni?" Na ɗauki fartanya na bi ta ƙarƙashin wayar da suka kewaye gonar da ita.

Ina cikin shuka sai hayaƙi, sai ƙarar bindiga ta ko'ina. Suna ta kwasar matan roba, aka haɗa da ni. Da na gantsara wa ƙaton cizo a kunne, ya yar da ni ya kurma ihu da yarensu. Ashe jarumin bai taɓa ceton mai haƙora ba.

Wani hafsa ɗan ƙasarmu ya taho yana huci. "Mama, wa ya bar ki kika shigo? An hana farar hula shiga nan!"

Na ce, "Ɗana, me kuke koya a nan ɗin?"

Ya ce, "Kare farar hula."

Na ce, "To ga ni, ka kare ni."

Ya ce in fita kafin ya kira mota.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai wajen babban da ya sa hannu aka ba da gonakinmu, Mai Girma Sarkin Sa Hannu, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada. Na same shi yana cin gasasshen nama. Ya ce, "Mama, ki gode wa Allah. Yanzu ba maƙiyin da ya isa ya taɓa gonarki." Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe. Na tsufa a gangaren nan, maƙiyi bai taɓa ƙwace mini ko kunya ɗaya ba, sai da masoya suka iso.

Na ce to a ɗauke ni aikin mutum-mutumi. Zan zauna shiru a ƙofar gidan kwano, a cece ni safe da yamma, tsakanin ceto da ceto in yi noma. Ya goge maiƙo a baki ya ce ba zai yiwu ba, yarjejeniya ta ce matan robar daga can ƙasar za a riƙa kawo su a jirgi, na gida ba su kai inganci ba. Kun ji fa. Ko a zaman banza ma sai an yi mana odar ƙwararru.

Rabin waken yana ƙasa, rabi yana ƙulle a bakin zanina, kuma wallahi sai ya bi ɗan'uwansa. Syombua ta ara mini lesonta na zuwa coci, kalarsa ɗaya da na matan can. Gobe zan koma. In ba kowa in yi shuka, in na ji takalma in sandare da fartanya a hannu.

Saboda haka in kun ga hoton atisayen a jarida, manya na tafi, kuka hango wata matar roba a baya tana harararsu, kada ku tona.