Durƙuson da Ya Raba Ni da Kiran Sallah

Abin da Mudi ya yi mini, har ƙasa ta rufe idona ba zan manta ba. Hotona ya ɗauka ina durƙushe gaban gunki a ƙasar Indiya, ya turo shi Anka, hoton ya riga ni isowa gida. Kuma kada wani ya ce na ɓoye gaskiya: ni ne a hoton, ba haɗi ba ne. Hular ma tawa ce.

Ni ladan ne, ko in ce na taɓa zama. Shekara goma sha ɗaya ina kiran sallah a masallacin shiyyarmu. Boko a aji biyu na sakandare na aje shi, Turancina bai wuce na sayen magani a kemis ba. Abin da ya kai ni Indiya ƙoda ce. Yayana Garba ya daɗe yana niƙa dutsen zinariya a Bagega, ƙurar dalma ta cinye masa ƙoda duka biyu, da aka gwada 'yan gidanmu sai tawa ta dace. Muka tafi mu uku: shi maras lafiya, ni mai bayarwa, sai Mudi, ƙanen matarsa, mutumin Gummi, wanda aka haɗa mu da shi don yana jin Turanci kuma ya taɓa zuwa ƙasar.

Aka yi aiki. Ni na tashi, Yaya kuwa aka bar shi a wani ɗaki bayan gilashi, sai dai leƙe. Da na ɗan ji ƙarfi, likita ya ce in riƙa tattaki. Mudi ya ce zaman asibiti zai ƙarasa ni, in taso ya kai ni wani wurin tarihi, ginin dutse na mutanen da, har Turawa na zuwa kallo. Wurin tarihi, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni a raina na ɗauka irin tsohon gidan sarki ne.

Mutane na tambayata wai ban ga gumakan da aka sassaƙa a jikin ginin ba? Ban gani ba. Wanda aka tsaga wa ciki ba ya ɗaga kai. In na miƙe ɗinki ya ja, don haka a duƙe nake tafiya, hannu a kwiɓi, ido a ƙasa, kamar tsohuwar da ta yar da allura. Abin da na gani ƙafafu ne da takalma. A bakin ƙofa kowa na tuɓe nasa, ga famfo ana wanke ƙafa. Na ce to, mutanen kirki, sun san darajar gidan babba. Na tuɓe, na wanke (har da ɗan alfahari, don wankin ƙafa dai ba a koya wa ladan).

Muka bi layi cikin wani dogon zaure mai duhu, dutse da sanyi a tafin ƙafa, ƙamshin turare da furanni, ana kaɗa ƙararrawa. A ƙarshen zauren ga wani tsoho zaune, furfura fari fat, ya ɗaura zane, ba riga. Duk wanda ya iso gabansa sai ya sunkuya. Na waiga neman Mudi, na hango shi jingine da ginshiƙi, ya yi mini murmushi, ya yi nuni da hannu in matsa.

To mu a gidanmu ba a gaida dattijo a tsaye. Inna da muciya ta koya mana wannan. Da layi ya zo kaina sai na zube, durƙuso sosai irin na gaban surukai, na ce, "Ranka shi daɗe, mun iske ku lahiya?" Da Hausa fa. A Indiya.

Tsohon ya dube ni, ya dubi hannuna da ke dafe da kwiɓi, ya nuna wurin. Na ɗaga riga ya ga bandeji. Na ɗaga yatsu biyu, na lanƙwashe ɗaya, na ce, "Yaya." Ban san abin da ya fahimta ba. Ya dai ɗora hannunsa a kaina, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Tun da aka fito da ni daga ɗakin tiyata, duk wanda ya kira waya jikin Garba yake tambaya, kuma daidai ne, shi ne a bakin mutuwa. Amma ba wanda ya ce kai fa, yaya naka ciwon? Sai wannan tsoho. Ƙato da ni, da gemu, na fashe da kuka.

Ya tsoma babban yatsa cikin wani jan gari ya danna mini a goshi. Ya ɗebo wani abu kamar alewar madara ya miƙo. Kyautar babba kuwa ba a karɓarta da hannu ɗaya. Na tara hannu biyu, na sunkuyar da kai, na ce Allah shi ƙara girma.

A lokacin ne wani ya ɗaga faranti mai fitilu yana kewayawa da shi a bayan tsohon. Haske ya faɗa cikin lungun, na ɗaga ido. Baƙin dutse, hannu huɗu, furanni har wuya, idanu na ƙyalli. Ashe ba tsohon ake yi wa sunkuyo ba.

Na ce innalillahi, na zabura zan miƙe, ɗinki ya ce ban yarda ba. Na koma da baya na zauna daɓas. Wasu mata biyu ne suka ɗaga ni. Na fita ina gudun da ko agwagwa za ta wuce ni, ina goge goshi da hula, jan nan na ƙara bazuwa har gira. Takalmana suna can har yau. Mudi ya biyo ni yana dariya har da hawaye, waya a hannu. Na ce ya goge, ya rantse ya goge. Ranar na maimaita kalmar shahada ban san iyaka ba.

Tsohon ban riƙe shi a rai ba. Yana kan addininsa, ya ga baƙo da ciwo, ya yi abin da ya sani.

Jikin Yaya bai karɓi ƙodar ba. Can muka rufe shi, a maƙabartar Musulmi, mutanen da ban san yarensu ba suka yi masa sallah. Na dawo da ƙoda ɗaya da jakarsa.

A zaman makoki na lura masu ta'aziyya goshina suke kallo. Na ɗauka rama ce. Da aka yi addu'ar uku na je in kira Azahar, na tarar da wani riƙe da lasifika. Liman ya ja ni gefe, ya ce in huta tukuna har jiki ya yi ƙwari. Da na matsa, ya karɓi wayar wani ya nuna mini hoton. Wallahi ni kaina da na gani, da wani ne a ciki da na ce ya bar Musulunci. Na ba shi labari daga farko har ƙarshe. Ya ce shi ya yarda da ni, amma jama'a ba za su fito sallah da kiran mutumin da ke cikin wannan hoto ba. Wasu har cewa suke gunki na kai wa ƙodar, shi ya sa ta kashe Garba.

Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ɗan ga, na san ban haihi kahiri ba. Amma mi ya kai ka duƙawa?"

Na ce, "Tarbiyyarki, Inna."

Ba ta yi dariya ba. Da muryata take tashi alwala duk shekarun nan, kuma har ta rasu ba ta sake jin ta a lasifika ba. Ni kuwa darasin da na koya bai taka kara ya karya ba: yanzu ko mai unguwa zan gaisar, sai na fara leƙa bayansa.

Bayan mun yi sadakar arba'in ɗin Inna na hau mota zuwa Gummi, ran kasuwa. Na sami Mudi a ƙofar shagonsa cikin abokansa. Ya taso da fara'a yana ce mini Ladan, ya ce wasa ne, mutum ɗaya tak ya tura wa, bai san za ta kai haka ba, in yi haƙuri don darajar marigayi. Na bar shi ya gama, na ƙi zama a kujerar da ya miƙo.

Na ce, "Mudi, ni na durƙusa ban san abin da ke gabana ba, kuma Allah ya ga zuciyata. Kai ka sani. Kana tsaye, ƙodarka biyu, hannunka biyu lahiya lau. Da ka ja wuyan rigata da an gama. Sai ka sa hannun a aljihu ka ciro waya. Mu biyu muka shiga zauren can, kuma wanda ya ga gunki ya yi murna ba ni ba ne."