Takardar da Na Ɓoye wa Majo

Ba zan taɓa mantawa ba da Talatar da na shiga likitar garinmu, nan ƙasar Korgom, da niyyar in wanke Majo tas a gaban jama'a, na fito ko ido ban iya ɗagawa. Ni kuwa an san ni a unguwa. Ba a ɗaga murfin tukunya a gidana ban ji ba, surukaina in sun ji tarina sai su gyara zama.

Malam, mai gidana, yana da hawan jini, abin nan da 'yan likita ke ce wa tansiyo. Majo, wadda ke riƙe da likitar, yarinya ce sa'ar autata. Ita ta ɗora shi kan wata farar ƙwaya, guda kullum bayan asuba, ta ce kada a tsallake ko rana ɗaya. To, ta faɗa wa wadda ta dace. Ni ke ajiye maganin, ni ke miƙa masa, in tsaya a kansa har ya haɗiye, in ce ya buɗe baki in gani (tsoho mai jikoki fal gida yana hangame mani baki kamar ɗan tsuntsu).

Bayan girbi muka tafi suna Tasawa, wurin ɗiyarmu. Da hayaniyar biki da naman suna, ciwon kai ya sa Malam gaba, sai surukinmu ya kai mu babbar likita. Lokotoro, wato dakta, ya auna shi, ya ce, "Baba, kana shan wani magani?"

Malam ya buɗe baki, na riga shi. "Ba ya shan komai, ɗana."

Kada ku ce son ƙarya ne. Mu yadda aka rene mu, ba a ambaton mai magani a gaban mai magani. In ka je wurin wanzami ka ce masa ka fara zuwa wurin wani, ka ce masa shi saura ne, kuma abin da zai ba ka da rabin zuciya zai ba ka. Ladabi na yi, a ganina.

Lokotoro ya rubuta mana wata jar ƙwaya, ya haɗa mu da takarda, ya ce, "Ku kai wa majon garinku, ta san abin da muka yi." Na ce to. A zuciyata kuwa na ce, in kai wa yarinyar nan shaidar mun tsallake ta? Na naɗe takardar da ƙwayoyin, na ƙulle a haɓar zanena, don kada surukai su gani labari ya fita. Na kuma yi wa Malam kashedi. Daga nan kullum bayan asuba sai in ba shi fara, in bi shi da ja. Igiya biyu ai ta fi ɗaure kaya.

Kwana biyar ya ce, "Uwar Sani, jiri nake ji in na miƙe." Na ce raki ne. Kwana takwas ya dafa bango zai fita masallaci, na ce tsufa ne. Ranar Talata da hantsi ya tashi daga tabarma zai duba awaki, sai na ji tim. Na iske shi kwance, ido ya juye, jiki sanyi kamar randa, gumi na keto masa. Na kira sunan da ban taɓa kiransa da shi ba tun aurenmu, bai amsa ba.

Sani, babban ɗanmu, ya ɗaura amalanke. Jakin nan yana tafiya cikin rairayi kamar an roƙe shi, ni ina riƙe da kan Malam a cinyata, hannuna a bakin hancinsa ina lalube numfashi. Kuma duk hanyar nan ban zargi kaina ba ko sau ɗaya. Majo nake dafawa a raina.

Ranar awon jarirai ce, mata cike da rumfa. Tun daga bakin ƙofa na ɗaga murya: "Ina Majo? Fito ki ga aikin maganinki! An ba yara aikin manya, za su ƙarar mana da mazaje!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta sa aka kwantar da shi, aka ɗaga ƙafafunsa, ta ɗaura masa abin awo a dantse. Ta auna, ta sake aunawa. Ni ban san lamba ba, amma na san fuska, kuma fuskarta ba ta yi mani daɗi ba. Ta rataya ƙarin ruwa, sannan ta juyo.

"Inna, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙwayar da na ba shi ba ta yin haka ita kaɗai. Mi ya sha?"

"Abin da kika ba shi."

"Ba jiƙo, ba sassaƙe?"

"Ni zan ba shi jiƙo? Kin san da wa kike magana?"

"Inna, ki tuna da kyau. In ban san abin da ke cikin jikinsa ba, ina iya ba shi abin da zai ƙarasa kayar da shi. Ko kuma in kira mota a kai shi Tasawa, kuma ban so ya hau hanya a haka."

Ƙullin nan na haɓar zanena ya zama garwashi a kwankwasona. Mijina na shekara arba'in yana kwance, ruwa na ɗiga ɗaya-ɗaya, ni kuma ina tsaye ina auna ransa da mutuncina a gaban matan rumfa. Allah ya yafe mani, na bar ƙullin a ƙulle.

Can sai Malam ya motsa, ya buɗe ido. Majo ta durƙusa kusa da kansa. "Baba, sannu. Ka sha magani yau?"

Na ce, "Ai na gaya maki..."

Ta ɗaga mani hannu. "Yi haƙuri, Inna, mai jikin nake tambaya."

Malam ya lashi leɓe, ya ce a hankali, "Na sha, ɗiyata. Duka biyun."

"Biyu?"

"Farin naki, da jan na Tasawa. Uwar Sani ba ta fashi." (Wai yabona yake, bawan Allah.)

Ƙofa a buɗe take. Duk matan rumfa sun ji. Majo ta miƙo mani tafin hannu. Na kama kwance ƙulli, ƙulli ya ƙi, don ni na ɗaure shi da kaina yadda ba mai iya kwancewa. Sai da na sa 'yan haƙoran da suka rage mani, a gaban kowa.

Ta karanta takardar, ta jera ƙwayoyin biyu. Ashe magani ɗaya ne, riga ce ta bambanta, jan ma ya fi ƙarfi. Ta ɗauki waya ta kira lambar lokotoro da ke jikin takardar. Na ce shi ke nan, yau na haɗa faɗan manya. Sai na ji suna gaisawa har da tambayar iyali. Suka yi faransancinsu, sannan ta buɗe muryar wayar don mu ji shawara: a tsayar da duka biyun, ta riƙa auna shi kullum, in ya daidaita a koma guda ɗaya. Kafin ya kashe ya ce, "Na tuna su. Ba tsohon nan ba ne da matarsa ta amsa duk tambayoyina?"

Sai da ruwan nan ya kusa ƙarewa ta sake aunawa, na ga kafaɗunta sun sauka. Malam ya ce ko akwai fura. A nan ne na zauna a ƙasa.

Ta ja ni gefe ta tambaye ni dalili, na faɗa mata. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi, da ya fi mani sauƙi. Ta ce, "Inna, ni da shi gona ɗaya muke nomawa. In bai san inda na shuka ba, a kai zai shuka."

Da za mu fita, Tsahara, wadda na taɓa yi wa faɗa a bakin rijiya kan ta bar jikanta da majina, ta gyara goyo ta ce, "Sannu da aiki, lokotoro. Yaushe kike buɗe taki likitar, mu kawo namu mazan?" Na wuce kamar kurma.

Yanzu in za mu awo, duk abin da ya shiga bakin Malam sai na zuba a buhu na kai, har kanwa da man shafawa. Majo ta ce ba ta ce in kwaso ɗaki ba. Ta kuma ajiye mani kujera a bayan Malam, da sharaɗin sai ya gama magana in sa baki. Zuwan farko da na kame bakina, sai ga shi yana gaya mata gwiwarsa ta hagu ta shekara biyu tana hana shi sujada da daɗi. Shekara biyu, a gidana! Ashe duk zaman nan ido na sa wa mutumin nan, kunne ne ban taɓa ara masa ba.