Hijabina da Sarƙar Babur ɗin Yaya

Mun wuce Tudun Wada kaɗan na ji ana jan wuyana ta baya. Na ɗauka iska ce, ashe hijabina ne sarƙar tayar baya ke naɗewa.

Kishi ne ya ja mini. Tunda Yaya Nura ya sayi ƙaton babur ɗin nan mai hawa duwatsu, kullum matarsa Balaraba ce a baya. Ni kuwa sai dai in laɓe a zaure ina jin gardamarsa da abokai: na wa ne ba ya shan mai, tayar wa ta fi daɗewa, na wa bai taɓa mutuwa a hanyar Doguwa ba. Na nace sai ya kai ni biki. Balaraba ta ce, "Tattare hijabin ki zauna a kai." Na ce a raina, baƙin ciki take kada a ga yana kaɗawa. Na sake shi har ƙasa, ina ɗaga kai kamar matar gwamna.

Da hijabin ya shaƙe ni, numfashina ya ɗauke. Na dinga dukan bayan Yaya har ya taka birki.

Ina kwance a asibiti, abokinsa Ado ya leƙo. "Sannu ƙanwata. Nura, sarƙar fa?"

"Ko gezau!" in ji Yaya. "Da naka ne da ta tsinke."

Da la'asar likita ta ce wuyan lafiya lau, in tafi gida. Har yau in gardama ta yi zafi, sai Yaya ya ce a kira ni shaida.