Shafin da Ya Shigo Hoto Ba da Izini Ba

A wani daji, Zabuwa ta nemi babi biyu a laburaren jami'a, aka ba ta ɗaya.

Wata cuta ce ta faɗa wa 'yan tsakinta. Sai su yi ta gyangyaɗi da rana tsaka, fiffike ya saki, washegari a tarar da su a sandare. Ta ji akwai littafin cututtukan tsuntsaye a jami'a, ta tafi. Dokar wurin kuwa, littafi ba ya fita. Mai buƙata ya faɗi babin da yake so, a kifa littafin a kan na'ura, a ɗauko masa hoton shafukan a takarda. Babi ɗaya a kowane littafi, ba ƙari.

Babin da aka ba ta ya bayyana cutar dalla-dalla, yadda take kamawa da yadda take kashewa. Duk wannan ta riga ta gani a gida. Maganin yana babi na gaba.

To, Burgu mai aikin na'urar yana da ɗabi'a. Saboda ƙyuyar dannawa sau biyu, yakan kifa littafi a buɗe ya ɗauki shafin hagu da na dama a tare. A takardar ƙarshe sai ga farkon babin magani ya shigo, ɗauke da zanen ganyen da ake jiƙawa. Ganyen yana da ɗan'uwa mai guba, ba a bambance su sai an ɗora su kusa da zanen.

Kafin Zabuwa ta kai ƙofa aka gano kuskuren. Aka kira majalisar laburare. Har Gara ta halarta, ita da ta fi kowa daɗewa a cikin littattafan, ba a kuma taɓa jin an ƙayyade mata babi ba.

Mujiya, shugabar laburare, ta gyara tabarau ta ce, "Baiwar Allah, mun ji rashin da kika yi, Allah ya ba ki haƙuri. Amma in aka bar ki da babi ɗaya da shafi, gobe wani ya zo neman biyu, jibi wani ya kwashe littafin gaba ɗaya. Ilimi in ya gama fita, me za mu zauna muna gadi? Ba mu ce ki mayar da duka ba. Gefen dama kawai za mu yanke."

Zabuwa ta ce, "Ranki ya daɗe, gefen daman na zo nema. Na hagun ku riƙe abinku."

"Ba a musanya," in ji Mujiya. "An riga an ba ki."

Dila, lauyan jami'a, ya matso yana murmushi. "Haba Iya, abin ai mai sauƙi ne. Ki bayar a yanke. Baɗi in an buɗe sabon zango ki dawo ki nemi babin maganin, ni da kaina zan tsaya miki."

"Baɗi wa zan jiƙa wa? Kai?"

Wasu suka yi dariya, Mujiya ta harare su. Burgu ya durƙusa yana rantsuwa ba zai sake ba, ba wanda ya kalle shi.

Aka kawo almakashi. Mujiya ta ce, "Ki sani, duk wanda ya ƙi bin hukuncin majalisa ba ya sake taka laburaren nan, shi da zuriyarsa har abada."

Zabuwa ta ce, "In zuriyar ta rayu, sai ku hana ta."

Ta ninke takardar ta cusa a ƙarƙashin fiffike. Dila ya miƙo hannu.

Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ba zan bayar ba."