Wayoyi Bakwai a Cikin Bokiti

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Warra raba takardun shaida, na dawo ina addu'ar kada in haɗu da wanda ya san ni a mota.

Aikina shi ne tsara darussan da ma'aikatan lafiya ke yi ta waya don ƙaro ilimi. (Har yau Inna ba ta gane ba. In aka tambaye ta, cewa take yi ina gyaran waya a asibiti.) Likitoci su ba ni ilimin, ni kuma in yanka shi gunduwa-gunduwa, in haɗa bidiyo, in karanta komai da muryata, har tambayoyin ƙarshe. A lokacin na gama wani kwas kan zubar jini bayan haihuwa, aka ce a gwada shi a ƙananan asibitocin bakin tafki. In ya karɓu, za a kai shi Shanga da sauran wurare, ni kuma a ba ni jagoranci. Wannan kujera na sa wa ido, ba na ɓoyewa.

Ni mutum ne mai zargi. Na zauna a ofis, fanka na kaɗa ni, na rantse ba wanda zai yi mini wayo. Na kulle kwas ɗin tam: ba a sauke bidiyo, ba a tsallake ko daƙiƙa ɗaya, in sabis ya ɗauke a tsakiya a koma farko. Abokin aikina ya ce, "Anya akwai sabis a can?" Na ce ni ɗan Yelwa ne, kada ya koya mini ƙasarmu. (Rabona da tsallaka ruwa tun ina firamare.)

Da sakamako ya fito, har tsalle na yi. Wani asibiti a tsallaken ruwa mai ma'aikata bakwai, duk sun gama, kuma kowane ya fi na gabansa maki, ta ƙarshe ta cinye duka. Na rubuta a rahoto cewa tsarina ya haifar musu da gasar neman ilimi.

Ranar taro na sha shadda. Ga Dakta, shugabarmu, a gaba, ga manyan sashen lafiya na yankin. Na kunna majigi na yi rabin awa ina yabon kaina cikin tawali'u. Sannan na kira wadda ta zo ta ɗaya, Malama Rahila, ungozoma mai kimanin shekara hamsin, na miƙa mata makirufo na ce ta faɗa wa jama'a wane bidiyo ya fi burge ta.

Ta dube ni da tausayi. Ta ce, "Malam, ba ni iya ƙarya gaban manya. Ni dai ban taɓa ganinai ba. Wajenmu ko kira ba shi shiga. A tambayi Baba Manu."

Can baya wani dattijo ya miƙe, hularsa ta kaba a hannu. Mai kwalekwale ne, shi ya kawo su, yana jiran a tashi ya mai da su.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ranar kasuwa sukan zuba mini wayoyin cikin bokiti, in rufe da leda. In na sauke fasinja sai in zauna gindin mangwaro inda sabis ka kamawa, in kunna guda guda. Na so in tura abin gaba, anka ce mai shi ya hana. To sau bakwai na saurare ka, ɗana. Ta farko na sha faɗuwa a tambayoyin, amma kafin ta bakwai na gane halinka."

Na buɗe baki zan yi magana, Rahila ta riga ni. Ta ce ai ba asara aka yi ba, duk ranar da ya dawo sukan zauna ya maimaita musu darasin kaf, har da muryar. Wani mugu a cikin taron ya ce a ji muryar. Baba Manu ya gyara tsayuwa, ya matse hanci, ya ce, "Barkanmu da warhaka, jaruman lafiya!" Wallahi ni ne sak. Ɗakin ya ɗauki dariya, har Dakta ta rufe fuska da gyale. Ni ma na yashe baki, don kuka ba zai yi kyau da shadda ba.

Da dariya ta lafa ya ce, "Sai dai darasi na huɗu na gyara musu shi. Ka ce in jini ya ƙi tsayawa a kira motar asibiti. Wace mota, bisa ruwa? Ni na motar. Na ce musu tun naƙuda ta fara a aiko mini, in kwana da mai cikin inji."

Dakta ta daina dariya, ta ɗauki biro. Ta yi wa Rahila tambayoyi uku, ta amsa ba gargada. Sai ta juya ta ce, "Baba, ba ni lambar wayarka."

Ya ce, "Hajiya, ni ba ni da waya."

Jagoranci dai wani aka ba. Ni kuwa aka tura ni tsallake na yi kwana uku ina bin Baba Manu da littafi, yana faɗa ina rubutawa, ina riƙe da gefen jirgi saboda tsoro. Na ji kunya ƙwarai, kuma na cancanta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu in kwamfuta ta ce mini mutum bakwai sun gama karatu, ba na sa shadda sai na tambayi wanda ya riƙe wayar.