Tafin Hannun Shugaban Tasha

Allah ya yi wa tashar nan gata da ya ba ta shugaba irin Mai Tafi. A sauran tashoshi sai an manna ma'aunin zafi a jikin layin dogo, an duba hasashen yanayi, kafin a san ko zafi zai lanƙwasa ƙarfe a rage wa jirage gudu. Shi kuwa, bawan Allah, tafin hannunsa ya wadatar.

Kullum da hantsi zai fito daga ofishinsa mai sanyi, ya naɗe hannun kwat, ya durƙusa ƙarƙashin rumfar tasha inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ya dafa dogo, ya lumshe ido kamar likita.

"Sanyi ƙalau! A saki jirage. Shekara ashirin da biyu hannun nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ina zai yi ƙarya, hannun da bai taɓa barin inuwa ba?

Ranar da sufeto zai zo tantance wanda za a ƙara wa girma, rana ta fito da fushi. Mai Tafi ya ƙwallafa rai jirgin sufeto ya iso a kan minti, don har ya gama zaɓen labulen sabon ofis a zuciyarsa. Sai ga wani tsoho mai duba layi, gumi sharkaf.

"Ranka ya daɗe, a kwanar bayan gada ma'auni ya haura hamsin. A rage gudu."

"Baba, kai wa jikokinka abin wasan nan. Ni na riga na auna."

Tsoho ya ɗauki jar tuta ya koma, ya tsayar da jirgin gab da inda dogo ya karkace. Aka aika wa Mai Tafi, ya zo a guje.

Sufeto na tsaye cikin rana, fasinjoji sun cika tagogi. Ya ce, "An ce hannunka ya fi ma'auni. Bismillah, auna mana nan."

Mai Tafi ya gyara kwat, ya durƙusa, ya lumshe ido, ya danna tafi a ƙarfen. Ihun da ya kurma har tsuntsayen gada sai da suka watse.

Ƙarin girma dai ya wuce zuwa tasha ta gaba. Takardar rage gudu kuwa da hagu ya sa mata hannu, tsoho na riƙe masa ita.

"Sannu, ranka ya daɗe," in ji tsoho, yana duba ma'auninsa. "Yau kam hannunka da ma'auni bakinsu ya zo ɗaya."