Sallau da Faifan Babansa

A Tsamiyar Ƙosau akwai wani Sallau, mutumin kirki, sai dai in ka ce masa ya riƙe bakinsa, hannu zai sa ya riƙe. Su uku ne a gida: shi, matarsa Tabawa mai fura, da mahaifiyarsa Inna Delu. Marigayi babansa makaɗin kukuma ne, faifai ɗaya tak aka taɓa ɗaukar waƙarsa, yana nan cikin adaka shekara talatin ba abin sa shi. Ga kunnen Inna ya fara nauyi. Ta sayar da akuyarta ta ce sai ta sake jin muryar mijinta kafin kunnen ya rufe.

Wata rana ta aike shi birni shagon Habu mai gyaran rediyo, ta ce, "Ka zaɓo mana garmaho, amma wanda bai fi ƙarfinmu ba." Sallau ya tafi yana tsalle. Ya bi kayan shagon ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa yana nishi, har ya samu wanda ya ɗagu da yatsa biyu. Ya shigo gida yana ihu, "Inna, wannan ko ke kin ɗauke shi!" Aka buɗe, kwali ne, ba komai ciki sai gidan gizo-gizo.

Wata rana ya mayar da kwalin, Habu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Gobe ka zo da faifanku a gwada." Da safe Sallau ya yaye faifan da Tabawa ta rufe ƙwaryar fura da shi, ya tsallake na cikin adaka. Habu ya juya faifan kaba a hannu ya miƙa masa abinsa. A gida kuwa ƙudaje sun yi biki, Tabawa ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Wata rana Habu ya nuna masa wani garmaho na hannu mai araha, ya ce, "Lafiyarsa lau, allura kawai yake so. Je ka samo." Sallau ya zarce kemis ya ce allura yake so, mai kyau. Ya dawo yana ɗingishi yana murna. "An yi mini, Malam Habu. Kunna!"

Ni da nake ba ku labarin nan, a nan na fara jin tausayin Inna.

Wata rana ta ciro faifan gaske daga adaka, ta shafe shi da gefen zane, ta ce, "Sallau, ubanka ne wannan. Kada ya bar hannunka." A shago Habu ya riga ya haɗa wani ƙaton garmaho mai ƙyalli, ya ce a kawo a ɗora. Sallau ya ƙanƙame.

Habu ya ce, "To ta yaya zai juya?"

"Sai dai in juya da shi."

Aka yi juyin duniya ya ƙi. Habu ya yi tsaki, ya ɗauko wani faifan shago ya ɗora don ya nuna masa ba abin tsoro. Allurar ta yi ƙiii, ta tsaga faifan tun daga baki har tsakiya kamar garma a gona. Habu ya dafe kai ya ce, "Da naku ne, ina zan sa kaina?"

Kunya ta sa ya saka wa mai arahar nan sabuwar allura, ya gwada shi sau uku, ya ɗaura shi da sifika a bayan babur, Sallau a tsakiya rungume da faifai, har ƙofar ɗakin Inna. Da kanta ta karɓa ta ɗora. Maƙwabta suka cika tsakar gida, Tabawa ta rangaɗa guɗa.

Kukuma ta tashi, sai ga murya. Inna ta kara kunne jikin sifika, tana dariya hawaye na zuba. Can tsakiyar waƙa marigayin ya shiga kiran 'yan gida: "Delu uwar ɗaki, ina Sallau ɗana?"

Sallau ya cire takalmi, ya durƙusa gaban garmaho.

"Na'am, Baba. Ga ni. Ban sake ka ba."

Ranar dai ba wanda ya yi masa dariya.